Wata goma ina biyan mai rainona ta hannun ofis, ga abin da na gani

Tun ranar da na yi zancen nan a wani gidan suna a Unguwar Dosa mata suke ta kirana a waya, wai da gaske ne akwai ofishin da ke riƙe maganar albashin mai raino a madadin mutum a nan Kaduna, nawa suke karɓa, kuma ba wata sabuwar hanyar cin kuɗin mutane ba ce. Na gaji da maimaita wa kowa ɗaya bayan ɗaya shi yasa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya. Sunan wajen ba zan kama ba, don akwai inda zan yabe su akwai kuma inda suka ɓata min rai sosai, kuma ba su suka sa ni ba, ko sanin ina rubutun nan ba su yi ba.

Ni ma'aikaciyar gwamnatin jiha ce, muna zaune a Malali, Allah ya ba mu 'yan biyu. Na ci wata shidan nan na hutun haihuwa da jihar Kaduna ta fara ba mata ma'aikata tun 2019, da hutu ya zo ƙarewa sai na bi hanyar da kusan kowa ke bi, wato aka haɗa ni da wata dillaliya mai kawo 'yan aiki daga ƙauye. Ta kawo min yarinya tace shekarunta 18, kuɗin wata kuma ita zan riƙa ba wa a hannu, ita za ta kai wa iyayen tunda wai ana tara wa yarinyar kayan ɗaki ne. Wata bakwai ina biya ban taɓa fashi ba. Rannan uwar yarinyar ta zo dubiya asibiti a cikin gari sai ta biyo ganin 'yarta, muna hira a tsakar gida take ce min Hajiya dan Allah in da hali a riƙa ɗan daurewa ana biya a kan lokaci, don tun da aka kawo yarinyar nan sau biyu kawai kuɗi ya iso mu. Na tambaye ta nawa, abin da ta faɗa ko rabin na wata biyun bai kai ba. Na tambayi shekarun yarinya tace da azumin bana ta shiga 15. Wallahi ranar ban yi barci ba, yarinyar da ke tashi tun asuba tana goya min yara, ashe guminta a aljihun wata yake zuwa, kuma ni ce na miƙa da hannuna ban taɓa bin ba'asi ba. Na lissafa abin da ya kamata a ce ya isa gare su na ba uwar, na haɗa wa yarinyar kayanta suka tafi tare, na roƙe ta ta mayar da ita makaranta.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin ofishin. Yana saman bene a wata filaza, ɗaki biyu ne kacal, akwai Hajiyar da ke da wajen, da wani yaro a kan kwamfuta, sai lauyarsu da take shigowa Talata da Alhamis. Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne tambayar farko da suka yi min ba ta kuɗi ba ce, cewa suka yi wace ce mai rainon kuma shekarunta nawa, su ba sa karɓar fayil ɗin wadda ba ta kai 18 ba ko da iyayenta sun yarda. Lauyar ta ce dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta ce duk wanda ya sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida ya yi laifin da zai iya kai shi ɗaurin wata shida har zuwa shekara bakwai, wanda ya haura 12 ma in aikin ya zama na ci da gumi ko yana cutar da shi laifi ne, ga kuma dokar kare yara ta jihar Kaduna ta 2018 a gefe. Na yi shiru kawai ina tuna gidaje nawa na sani a layinmu da ke da yarinya 'yar shekara goma tana wanke-wanke.

Suna da hanya biyu, ko su nemo miki mai raino daga cikin waɗanda suka yi rajista da su, ko ki zo da taki su tsara muku takarda su riƙa biya. Ni nasu na ɗauka. Mutum uku suka kira min na zauna da kowacce, na zaɓi wata dattijuwa daga Badarawa, mijinta ya rasu, ta raini nata shida ta aurar da huɗu, Iya muke ce mata. Sun karɓi lambar NIN ɗinta, sun je har gidanta sun gani, da garanto biyu ɗaya ɗanta ɗaya mai unguwarsu, sun kuma sa ta yi gwajin asibiti wanda ni na biya. Abin da ban zata ba shi ne ni ma sai da suka karɓi nawa katin da adireshi suka zo suka ga gidan, Hajiyar tace ai amana ta kowane ɓangare ce, ba za su tura mace gidan da ba su san ko wane ne a ciki ba. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Inda suka fi ƙarfi a ganina shi ne takardar yarjejeniya, kuma a nan na fi so mata su tsaya su karanta da kyau. Mun fi awa biyu a kanta, ni da Abban 'yan biyu da Iya da ɗanta da lauyar. Komai sai da aka rubuta, ƙarfe nawa za ta zo ƙarfe nawa za ta tashi, bakwai na safe zuwa biyar na yamma Litinin zuwa Juma'a, Asabar sai in an nemi ta zo kuma da kuɗinta daban. Aikinta raino ne da wankin kayan yara da abincinsu, ban da girkin gida ban da wankin manya ban da aiken kasuwa. A nan maigida ya ɗan yi gardama yace to in tana zaune yara na barci ba za ta ɗan share falo ba, lauyar tace Alhaji in kuna so a sa sai a sa a kuma ƙara kuɗi, daga ɗan share falo ake farawa har a wayi gari mai raino ta zama ita ce kuku ita ce mai wanki a kan albashi ɗaya. Iya dai ba ta ce komai ba amma na ga yadda ta ɗago ta kalli lauyar.

Ta yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye cewa dokar ƙwadago ta ƙasa ba ta fito ƙarara ta rungumi masu aikin gida kamar yadda ta rungumi ma'aikatan kamfani ba, ta bar wa ministan ƙwadago ne ya fitar musu da ƙa'idoji, kuma yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya mai lamba 189 ta 2011 da aka yi musamman don masu aikin gida Najeriya ba ta rattaba mata hannu ta zama doka ba. To su abin da suke yi sai su ɗauki ma'aunin da ke cikin dokar ƙwadagon su zuba a takardarku, da zarar kun sa hannu kuwa ya hau kanku, in rigima ta taso akwai kotun ma'aikata ta ƙasa kuma tana da reshe a nan Kaduna. Ma'aunin shi ne a ba ma'aikaci takarda a rubuce kafin ya cika wata uku, hutun shekara aƙalla kwana shida na aiki bayan ya yi wata 12, hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara da albashinsa in likita ya tabbatar, mai ciki kuma sati 12. Sai notis na rabuwa, kwana ɗaya in ba a wuce wata uku ba, sati ɗaya in an wuce wata uku ba a kai shekara biyu ba, sati biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda in an kai biyar. Mu wata guda muka rubuta tun daga farko kowane ɓangare, hutun shekara kuma muka mayar sati biyu, don ni kwana shida ya yi min kaɗan ga wadda ke bin yara biyu masu ƙiriniya tun safe har yamma.

Sai maganar nawa za a biya, wadda ita ce kowa ke tambayata. Na shiga da tsoron ko za su ce dole sai dubu 70 na mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, ko ma dubu 72 da Gwamna Uba Sani ya amince wa ma'aikatan jiha. Lauyar tace dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka gida mai mai raino ɗaya ba ya ciki, amma ta ƙara da cewa rashin tilas ba shi ne ya halatta a ba mutum abin da ko kuɗin motarsa ba zai ishe shi ba. Muka zauna muka yi lissafin Keke daga Badarawa zuwa Malali zuwa da dawowa, kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Muka tsaya a dubu 55 albashi, kuɗin mota daban, abincin safe da na rana a gidana kuma an rubuta ba za a cire shi daga albashi ba. Na san wasu za su ce ya yi yawa, wasu za su ce bai kai ba, ni dai iya ƙarfinmu ke nan kuma an rubuta duk shekara za a zauna a duba.

Yadda biyan yake, ranar 25 ga wata suke turo min lissafi a WhatsApp, albashi kaza, Asabar nawa ta zo, in ta karɓi bashi a tsakiyar wata nawa za a cire, sai kuɗin aikinsu. In tura musu, ranar 28 alat ya shiga wayar Iya, asusunta na kanta da sunanta wanda su suka raka ta ta buɗe, ba na ɗa ba ba na dillaliya ba. Sannan su bugo takardar albashi kofi biyu ta dangwala yatsa in sa hannu. Da farko na ɗauka wannan takardar ɓata lokaci ce tunda ga alat, sai da aka zo wata na huɗu ta karɓi dubu 20 za ta kai gudummawar bikin jikarta, muka yi da ita za a cire dubu biyar biyar, a wata na uku da fara cirewa ta zo tace Maman 'yan biyu ni fa a lissafina an gama, nace Iya ɗauko takardunki mu duba, muka shimfiɗa su a kan tabarma muka ƙirga tare saura ɗaya, ta yi dariya tace haka ne kuwa, magana ta mutu a nan ba wanda ya riƙe wani a zuciya. Da baki da baki ne da ko dai in yafe ina jin haushi ko in cire tana ganin na cuce ta.

Haraji ba abin da ya hau kanta. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe wa dubu 800 na farko da mutum ke samu a shekara, nata albashin in aka haɗa wata 12 dubu 660 ne, saboda haka ba a cire mata ko sisi. Fansho ma doka ba ta tilasta wa gida irin nawa ba, amma sun kawo mana maganar ƙaramin tsarin fansho da hukumar fansho ta ƙasa PenCom ta ƙaddamar a 2019 don masu sana'ar hannu da irin su Iya, mutum ya riƙa zuba abin da ya samu. Iya ta ƙi sam, tace ita adashinta na unguwa ya fi mata don tana ganin uwar adashi ido da ido. Ban matsa mata ba, su ma ba su matsa ba, kuma na ji daɗin hakan, kuɗinta ne. Inshorar lafiya ce ta karɓa hannu bibbiyu, suka cike mata fom na KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, ni na biya na shekara, tana da hawan jini kuma a da sai ta ji jiri take sayen magani a kemis, yanzu tana zuwa asibiti a auna ta.

To yanzu ga inda suka gaza, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne.

Na ɗaya takardar yarjejeniyar nan da nake ta yabo da Turanci zalla suka buga ta, shafi biyar. Matar da ko boko ba ta yi ba aka ce ta dangwala yatsa a kan abin da ba za ta iya karantawa ba, ɗanta ma Turancin nasa na sakandare ne. Lauyar ta fassara da baki a wajen, ban ce ba ta yi ba, amma in an koma gida fa aka manta? A Kaduna kuke, yawancin matan da ke kan layinku Hausa suke ji, me zai hana a buga ta Hausa, wasu ma da ajami za su fi ganewa. Sai da na zauna da kaina dare biyu na mayar da ita Hausa na kai musu lauyar ta duba ta buga hatimi. Na ce su riƙe kofi su riƙa ba wasu, ranar da na koma kwanan nan na tarar har yanzu ta Turancin suke miƙa wa mutane.

Na biyu, kuma wannan ya fi ƙona min rai, ashe su ma suna cire kuɗin rajista daga albashin farko na mai rainon. Ni na biya dubu 20 na buɗe fayil, ina biyan dubu biyar duk wata na aikinsu, ban san akwai wani abu a kanta ba sai da alat ɗin farko ya shigo da giɓin dubu takwas. Na kira Hajiyar nace Hajiya abin da na gudo daga gare shi ke nan fa, bambancinku da dillaliya rasit ne kawai in haka ne. Tace ai tsarinsu ne kuma an faɗa wa Iya tun ranar da ta yi rajista. Ko an faɗa mata, mace mai neman abin da za ta ci za ta ce a'a ne? Na biya kuɗin na ce a mayar mata, sun mayar washegari, amma sauran matan da iyayen gidansu ba su lura ba haka ake cire musu.

Na uku maganar kashi ɗaya cikin ɗari. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ita kam ta ambaci mai aikin gida da sunansa matuƙar ba ɗan gidan ba ne, mai ɗaukar aiki zai riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnatin tarayya da ke biyan diyyar ma'aikata, saboda in ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki. A nawa lissafin naira 550 ce a wata, ba komai ba ce, kuma duk wadda ta san yadda ruwan zafi da tayil mai santsi suke a gidan masu yara ta san amfaninta. Suna sa min ita a lissafi tun watan farko, amma da na nemi shaidar cewa kuɗin na isa inda aka ce sai aka fara yau da gobe, yaron kwamfuta ba ya nan, fayil na wajen lauya, sai da na yi wata uku ina bi kafin suka nuna min takarda. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, wannan takardar kamata ya yi ta riƙa zuwa da kanta ba sai an roƙa ba.

Sai abin da ya faru da babbar sallah. Na tura kuɗi tun saura sati guda na rubuta musu ɓaro-ɓaro a sakar wa Iya da wuri ta yi cefane, har da goron sallah da na ɗora a kai. Ba su saki ba, wai kwamfutarsu ranar 28 ta sani, suka rufe ofis suka tafi hutu, waya ba a ɗauka. Ana gobe sallah da yamma Iya ta kira ni murya ƙasa-ƙasa tana tambaya ko lafiya, kunya ta kama ni kamar in nutse, na tura mata wani daga asusuna a take, bayan sallah aka daidaita lissafi. Sun ba da haƙuri, kuma gaskiya tun daga nan ba a sake makara ko na yini ɗaya ba. Haka alkawarin da suka yi na kawo wadda za ta riƙe yara in Iya ta tafi hutu, da lokacin ya zo cewa suka yi ba kowa a ƙasa, ƙanwata ce ta taso daga Zariya ta zauna min sati biyun.

Duk da haka in an tambaye ni ko zan ci gaba da su, eh zan ci gaba, in maki ne bakwai cikin goma zan ba su. Dubu biyar ɗin da nake biya duk wata ba na jin ciwonta, domin tunda aka fara ban taɓa kwana ina tunanin ko haƙƙin baiwar Allahn nan ya maƙale a wuyana ba, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma a hannunsa ake nufi. Iya ma ta canza, a watannin farko ko ruwa za ta sha sai ta tambaya, yanzu in na makara a ofis na wuce biyar da kanta take cewa Maman 'yan biyu yau awa ɗaya ce a rubuta, in ce to Iya an rubuta.

Wadda mai rainonta 'yar uwa ce ko wadda take ganin dubu biyar a wata ya yi mata nauyi ba lallai sai ta je ofis ba, za ta iya samun lauya sau ɗaya ya tsara mata takarda, ta buɗe wa matar asusu da sunanta, ta sayi littafi mai bango mai ƙarfi ana rubuta duk abin da aka bayar ana sa hannu. Wadda kuma za ta je irin wannan ofishin, kafin ki biya ko kwabo ki nemi ganin rajistarsu ta hukumar rajistar kamfanoni CAC da lasisin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya na masu samar wa mutane aiki, ki tambaya a gaban mai rainon ko akwai abin da za a cire mata, ki ce a rubuta ranar biya da abin da za a yi in sallah ta faɗo kafin ranar. Ni wata biyu ya rage mu zauna sabunta tamu, na riga na faɗa wa Hajiyar abu biyu zan zo da su, ƙarin albashin Iya da kuma maganar dubu takwas ɗin nan da suke cire wa mata, kuma na ce lauyar ta kasance a wajen ranar.